Lakar da ta ci madatsar Ma'arib

Tun ina yaro nake karanta Suratu Saba'i. In wuce ayar gonaki biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, in wuce ambaliyar Arimi, ban taɓa tambayar ta inda ruwa yake bi ya kai gonakin ba. Sai kwanan nan na ga hoton abin da ya rage na madatsar Ma'arib a Yaman, wadda ta shayar da gonakin nan: ƙofofin ruwa biyu na dutse, kudu da arewa, tsakaninsu fili fetal.

Ashe ba don ajiye ruwa aka gina ta ba. Wurin ba shi da kogi mai gudu duk shekara. Ruwan sama ne ke sauka kan tsaunuka sau biyu a shekara, ya taho a guje ta kwarin Azana, kwana kaɗan ya ɓace cikin rairayi. Sai mutanen Saba'i suka tare bakin kwarin da tudun ƙasa mai tsawon kusan mita 600, suka lulluɓe shi da duwatsu, don ruwan ya taso ya kai ƙofofin nan biyu, ya bi magudanai ya watsu. Haka suka shayar da kusan hekta 10,000 a bakin hamada, fiye da shekara dubu.

To, ruwan tsauni ba ya zuwa hannu rabbana, laka yake ɗaukowa. Ita ce takin gonar, ita ce kuma jarabar. Tana kwanciya a gindin madatsa, gonaki suna ƙara tudu, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Dole a ƙara wa bango tsayi, a sake ƙarawa, har ya kai wajen mita 15. Kowane uba ya bar wa ɗansa aikin da ya fi nasa nauyi.

Rubutun da aka sassaƙa kan duwatsu ya nuna ta fashe a tsakiyar ƙarni na 5, aka gyara. Abrahata, e, shi dai mai giwaye, ya sake gyara ta wajen shekarar 548. Kafin ƙarni na 6 ya ƙare ta sake fashewa, ba wanda ya tashi.

Dalilin halakar, Alƙur'ani ya faɗe shi ƙarara: mutanen ne suka bijire. Sababi kuwa, labaran Larabawa sun ɗora wa ɓera, wai shi ya rarake gindin bangon. Ni dai ina jin ko da ɓeran ya zo, laka ta riga ta gama masa rabin aiki.