Kwalbar da ba na sayarwa

Ni 'yar kudancin Kaduna ce, daga wajajen Kafanchan, ina riƙe da ƙaramar mashaya a Agege ta Legas. Lasisina na rataye a bango, ƙaramar hukuma ce ke ba ni, kowace shekara ina sabuntawa. Na san da yawa daga cikinku ba ku shan giya, maƙwabtana ma galibinsu Musulmi ne, kuma ba talla na zo yi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu abokan sana'ata ke ganin da sun biya kuɗin lasisi, shi ke nan sun sauke nauyi.

Lasisi ba ya leƙa cikin kwalba. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, sannan a jihar Ribas, bayan sun sha ogogoro, barasar nan ta gida, mai gubar metanol. Gubar nan ba ta nuna kanta nan take. Mutum zai tashi ya tafi gida da ƙafarsa, sai daga baya ciwon kai da amai, ido ya fara dushewa, wani ya makance, wani rai ya yi halinsa. Shi ya sa ba na karɓar kaya a hannun mai yawo da jarka, komai arharsa. Dila ɗaya nake bi, kuma sai da rasit. In kwalbar wiski ta zo, sai na duba zoben murfin ko an taɓa karya shi, na karanta lambar NAFDAC, na shafa takardar jikinta ko sake manna ta aka yi. Wadda ta ƙare kuwa ina kankare takardar kafin 'yan bola jari su ɗauka, don masu jabu kwalaben asali suke nema su cika.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ka hana mutum da kuɗinsa a hannu.

Akwai wani direban danfo da ke zuwa mini bayan ya tashi aiki. Mutumin kirki, da 'ya'yansa ƙanana. In ya fara ɗaga murya, yana maimaita labari ɗaya, yana ƙirga canji yana sake ƙirgawa, na san mun zo iyaka. Sai in je da kaina, ba na tura yarinyar shago, in sunkuya in yi magana ƙasa-ƙasa don kada in kunyata shi gaban abokansa.

"Oga, yau kam ya isa haka."

"Haba Mama, kuɗina ne fa."

"Kuɗinka ne, ɗana, amma makullin motar nan a wurina zai kwana."

Sai in ajiye masa ruwa da farfesu. Farfesun ba ya warware maye, lokaci ne kawai ke yin haka, amma yana zaunar da shi. Malam mai tsire da ke bakin ƙofata, wanda bai taɓa ɗanɗana abin da nake sayarwa ba, shi ke tare masa keke. Da safe ya zo ya karɓi makullinsa. Wasu in na yi musu haka ba sa dawowa, kuma cinikin da nake rasawa ba kaɗan ba ne. Na yarda da wannan asarar, don titin da zai hau a buge, shi jikokina ke tsallakawa.

Yaron da bai kai 18 ba ba na miƙa masa kwalba, ko da aiko shi aka yi. "Je ka ce wa Baba ya zo da kansa."

Sai maƙwabta. Hukumar kare muhalli ta Legas, LASEPA, tana rufe wurare saboda ƙara, amma ni ba tsoronta kaɗai ke sa ni rage sauti ba. Da na ji an kira salla a masallacin bayan layi, kiɗa yana mutuwa har a idar, ƙarfe goma na dare kuma ana sassauta shi gaba ɗaya. Janareta a waje yake, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa ba sallama. Lambobin gaggawa na Legas, 767 da 112, na rubuta su da manyan baƙi a jikin firij. Ƙofar baya kuwa, muddin da mutum a ciki, ba kwaɗo a jikinta, ba kiret ko ɗaya a gabanta, ko da wurin ajiya ya yi mini kaɗan.