Ranar da motata ta tafasa a Kwanar Dangora

A shekarar 2021 na sayi Toyota Highlander ƙirar 2006, mai silinda shida, wadda duka tayoyinta huɗu ke ja. Irin waɗanda muke kira Beljiyom ce, ko da yake wannan ko hanyar Beljiyom ba ta sani ba: daga Amurka aka ɗauko ta, ta sauka Kwatano, ta shigo Kano. Duk wanda ya tambaye ni dalilin sayen jif sai in ce masa hanyar ƙauyenmu ce, da damina ƙaramar mota ba ta shiga, ga Hajiya ana yawan kawo ta asibiti. Gaskiya ne. Amma akwai kuma son a gan ni a sama ina leƙo mutane ta gilashi, wannan kam ba na faɗa.

Washegari na kai ta garejin unguwarmu, wurin yaron da ya daɗe yana duba mini tsohuwar motata. Ya buɗe bonet, ya zagaya, ya ce, "Alhaji, kafin komai sai mun cire tamostat. Wannan abin ƙasar sanyi ne, Turawa suka sa saboda ƙanƙara. A zafin Kano shi ke ƙona inji." Na ce to. Ya cire, ya nuna mini ɗan ƙarfe mai sifirin da bai fi murfin kwalba girma ba, ya jefa a kwandon tarkace. Ya kira rewaya ya haɗa fankokin nan biyu masu sanyaya lagireto kai tsaye, da ka murza makulli sai su tashi. Ruwan hodar nan da ke cikin lagireto ya tsiyaye shi, ya ce ya tsufa, aka cika da ruwan burtsatse. Baƙin mai kuma ya zuba mai kauri, 20W-50, wai injin da ya sha tafiya kauri yake so. Na biya, har da tukwici. Na tafi ina jin an gyara mini mota ta zama 'yar ƙasa.

Shekara kusan uku ba ta ba ni matsala ba, kuma wannan shi ne tarkon. Allurar zafi kullum tana kwance ƙasa, har na daina kallonta. Mai kuwa tana sha kamar raƙumi, amma da yake kowa na cewa jif sai mai hali, na ɗauka halinta ne. Sai da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, sannan na fara lissafi ina tsaki.

Mako guda bayan ƙaramar Sallah, cikin Afrilun 2024, muka kama hanyar Kaduna ɗaurin auren ɗan wana. Mu shida ne, ga kaya a baya, ga na'urar sanyi a ƙure saboda ranar da ake kwaɗawa. Mun wuce Kura, mun wuce Ciromawa, sai iskar da ke fitowa ta fara ɗumi. Maiɗakina ta ce, "Baban Ummi, ba ka jin wani ƙauri?" Na duba, allura ta kusa jan layi. A nan na tafka wautar da ta fi kowace: na ce bari in lallaɓa zuwa Kwanar Dangora inda akwai mutane. Tafiyar da ba ta fi ta minti goma ba. Kafin mu isa, tururi na fita ta gefen bonet, inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Muna tsayawa samari suka taru. Wani ya naɗe hannu da tsumma zai buɗe murfin lagireto, wani direban tirela da ke shan shayi ya daka masa tsawa, ya ce in yana son fuskarsa ya bari ta huce. Allah Ya saka wa mutumin nan. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasa, da an buɗe sai ya yi tsiri. Muka jira kusan awa guda a gindin bishiya, aka zuba ruwa, ta tashi, amma farin hayaƙi ne ke bin salansa. Iyali suka hau motar haya, ni na bi jif ɗina a bayan motar ja muka koma Kano. Ɗaurin aure sai a waya na ji an shafa fatiha.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya ƙware a kan Toyota. Bai yi gaggawa ba. Ya zaro sandar awon mai ya miƙo mini: man ya koma kamar shayi mai madara. Ya ce, "Ka ga wannan? Ruwa ya haɗu da mai. Gasket ya ƙone." Gasket shi ne 'yar shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai hana ruwa da mai haɗuwa. Daga nan ya bi abin daki-daki, ina tsaye. Fanka ɗaya ta mutu, motarta ta ƙone saboda shekara uku tana juyawa ba hutu, alhali an yi ta ne ta tashi in zafi ya kai, ta tsaya in ya sauka. Ya sa aka buɗe lagireto, ƙananan hanyoyin ruwan duk sun toshe da farin dasƙararren abu, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Famfon ruwa kuwa tsatsa ta ci fukafukansa, yana ta yoyo a hankali ban sani ba.

Na ce, "Baba, to ai an cire tamostat, ta yaya kuma za ta yi zafi?"

Ya yi dariya har sai da ya ajiye sifana. Ya ce tamostat ƙofa ce kawai. Da safe tana rufe ruwa a cikin inji don ya yi saurin ɗumi, in ya kai wajen digiri 82 sai ta buɗe ya zagaya lagireto. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki da zafinsa, a Kano yake ko a Kanada. In ka cire ƙofar, inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Ga inda kuɗina suka riƙa tafiya. Ruwan hodar da aka zubar kuma ba ado ba ne: shi ke hana tsatsa, shi ke sa ruwa ya jure zafi kafin ya tafasa. Ya ce, "Motocin da ke yawo a Saudiyya da Dubai, ka ji an ce ana cire musu? Ko Kano ta fi can rana?"

Ba ni da amsa. Kawunan injin biyu na alminiyom ne, zafi ya ɗan lanƙwasa ɗaya, sai da aka kai aka goge shi. Da na tsaya tun a inda maiɗakina ta ji ƙauri, in ji Baba, da wataƙila fanka da lagireto kawai zan saya. Minti goman nan su suka ci mini abin da ya kusa albashin wata biyu.

Tun da an riga an buɗe gaban inji, ya ce a canza bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, gaba ɗaya, domin a wannan injin shi ke juya famfon ruwa, aiki ɗaya ne. A nan na gano wani abin kunya. Lambar da ke kan allon motata mil take ƙirgawa, ba kilomita ba, tun da ta Amurka ce. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Ni kuwa shekara uku ina cewa sai ta yi dubu biyar zan yi juyen baƙin mai, ashe kilomita dubu takwas nake yi, a cikin ƙurar Kano da cunkoson Kofar Nassarawa. Bel ɗin kuma ana canza shi duk mil 90,000, nawa ya zarce lokacinsa, duk ya tsattsage ta ciki. Highlander ta 2008 zuwa sama mai lita 3.5 sarƙa gare ta, ba ta da wannan lissafin, amma masu irin tawa da masu Lexus RX 330, injinmu ɗaya, su duba.

Da muka je Kofar Ruwa sayen kaya, Baba bai bar ni na yi magana ba. Kowane abu sai an ce akwai na Beljiyom, akwai sabo mai kyau, akwai sabo mai araha. Abin da na koya a wurinsa: kayan ƙarfe kamar fanka da lagireto ana iya ɗaukar na Beljiyom in an gwada. Abin roba da abin da ke cinyewa, wato bel, gasket, tamostat, takalmin birki, waɗannan sabo mai kyau ko a haƙura.

Maganar mai ta fi ba ni haushi, don amsar tana rubuce a gabana tun ranar farko. A kan murfin da ake zuba baƙin mai an rubuta 5W-30. A jikin sandar man giya an rubuta irin wanda take sha, T-IV. Ni ban taɓa sunkuyawa na karanta ba. Injin nan yana da 'yan siraran hanyoyi da mai ke bi ya sarrafa buɗewar bawul, mai kauri ba ya isa can da wuri, musamman da sanyin safiya. Man giya kuwa Baba ya ce in ga wanda zai ce "duk ja ne, ɗaya ne", in ɗauke motata in gudu, don giyar jif in ta lalace kuɗinta ya kusa na inji.

Taya ma na sha darasi, amma da sauƙi. Ina da ɗabi'ar sayen guda ɗaya in ta fashe, kowace da irinta. A motar da duk ƙafafunta ke ja, in wata taya ta fi wata tsayi, ƙarafan da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ne ke shan wahala a ɓoye. Yanzu huɗun iri ɗaya ne, kuma ina duba lambobi huɗun nan na gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na taɓa ganin taya mai sheƙi, zanenta cike, an rubuta 2314, wato an yi ta a mako na 23 na 2014. Shekara goma, ana ce mini sabuwa ce fil. Sai iska. Mai faci in ka ƙyale shi 45 zai ɗura ko 50, wai jif ce, mai nauyi. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba 30 ta ce. Tun da na koma bin takardar, ƙwanƙwasar da nake ji a kan ramuka ta ragu, har na fasa canza shokar da nake ta tara wa kuɗi. Sauran ƙarar ashe 'yan robobin ƙasa ne, ba su kai kuɗin cefanen mako ba.

Da hunturu ina fitar da matatar iska duk mako biyu in kakkaɓe, in ta yi baƙi in canza. Wannan ko yaro zai iya.

Fitilar nan mai hoton inji ta taɓa kamawa bayan gyaran. Da can, na san abin da za a ce mini: a cire indomi, ko a zare ƙwan fitilar a huta. Indomin nan, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, tana da tsada a wurin masu saye, shi ya sa wasu ke saurin ba da shawarar a fasa ta. Na sayi 'yar na'urar da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, tana haɗuwa da waya, ta nuna lambar matsala. Na kai wa Baba, ya duba, ashe murfin tankin mai ne robarsa ta tsage. Muka canza murfi, bayan kwana biyu fitila ta mutu da kanta.

Yaron unguwarmu har yanzu muna gaisawa, kuma ban riƙe shi a zuciya ba. Abin da ogansa ya koya masa ya yi mini, da kyakkyawar niyya, ni kuma mai motar ban tambayi komai ba. Yakan yi mini juyen mai, amma ni nake zuwa da galan ɗina, in ja benci in zauna har ya gama. Ran nan ina zaune wani ya shigo da Honda CR-V sabuwar saukowa, ko lamba ba a sa mata ba. Na ji yaron ya fara, "Alhaji, kafin komai..." Sai ya waiwayo muka haɗa ido. Ya sosa ƙeya, ya ce wa mutumin, "Bari dai mu fara duba birki."