Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ido Ba Mudu Ba Ne

Makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni sashen haihuwa. Yaya ta ce in tsallake maganar shugaban sashen tunda ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansa, na yafe masa, amma labarin ba zai yi ma'ana ba in babu shi.

Karin magana guda gare shi, kuma da ita yake kashe bakin kowa: ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ka kawo masa takarda, ka kawo masa lissafi, sai ya cire tabarau ya faɗe ta, shi ke nan an rufe zance. Shekarunsa a aiki sun fi shekaruna a duniya, wa zai ja?

Abin da ya haɗa mu jijjiga ce. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Mai ciki jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura, tana kukan ciwon kai da ganin walƙiya, kafin ka juya ta sandare, haƙora sun datse harshe, kumfa da jini a baki. A lokacin diyazifam muke ɗura musu. Jijjigar ta lafa, ta dawo, a ƙara. Uwa ta yi ta barci kamar ba za ta tashi ba, jariri ya fito laƙwas, ba kuka, ba kama nono.

A 1995 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a kan mata kusan 1,700 masu jijjiga a asibitocin Afirka, Indiya da Kudancin Amurka. Ƙuri'a ce ta raba wa kowace maganin da za ta samu, ba ra'ayin likita ba. Waɗanda aka ba magnisiyom salfet, dawowar jijjigarsu ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da diyazifam. Na kai masa kwafin har ofis. Na ce, "Yallaɓai, ko za a duba wannan?" Ya karanta shafin farko kawai. Ya ce, "Ke yarinya, na ga matar da magnisiyom ya tsayar wa numfashi tun kina firamare." Sai tabarau, sai karin maganar.

Ba ƙarya ya yi ba, maganin yana iya danne numfashi in ya yi yawa. Shi ya sa ake bugun gwiwa a ga ƙafa ta harba, a ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti, a auna fitsari, a ajiye makarinsa, kalsiyom gulukonet, kusa da gado. Duk wannan ungozoma mai lura za ta iya. Mace ɗaya ya gani. Waɗanda diyazifam ya kasa riƙewa kuwa, ido ba ya ƙirga su, don kowace an ce ciwon ne ya fi ƙarfi.

Bayan haka ne wani faifan kwamfuta ya zo hannuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara raba shi kyauta a 1997, cike da nazarce-nazarcen ƙungiyar Cochrane a kan ciki da haihuwa. Kwamfuta ɗaya ce a sashen, a ofishin sakatariya, sai ta tashi nake zama. A nan na fara sanin cewa akwai mutane a ƙasashe daban-daban da aikinsu shi ne su farauto duk gwajin da aka taɓa yi a kan magani guda, wanda aka buga da wanda aka jefa a durowa, su ware mai inganci da maras inganci, su haɗa lissafin wuri ɗaya. An kafa ƙungiyar a 1993, shekara guda bayan wani likita mai suna Iain Chalmers ya buɗe cibiyarta a Oxford. Sunan kuwa na Archie Cochrane ne, likita ɗan Sikotilan da Jamusawa suka kama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi ta jinyar fursunoni 'yan'uwansa masu tarin fuka ba tare da sanin ko abin da yake yi yana ƙara musu kwana ko yana ragewa ba. A 1979 ya ce a duk fannonin likitanci namu na haihuwa ne kurar baya wajen gwada abin da muke yi. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai.

Tambarinsu ma labarin haihuwa ne. Layuka bakwai a kwance, kowane gwaji guda na allurar sitiroyid da ake yi wa macen da za ta haifi bakwaini don huhun jariri ya nuna. Na farko likitoci biyu, Liggins da Howie, suka yi a Niyu Zilan a 1972. Yawancin layukan sun taɓa layin tsaye na tsakiya, wato kowane shi kaɗai bai isa hujja ba. Ɗan lu'ulu'un da ke ƙasa, wanda ya haɗa su duka, ya koma gefe sarai, wato allurar na ceton rai. Shekara da shekaru amsar na warwatse a mujallu, bakwaini na mutuwa.

A 2002 wani gwaji mai suna Magpie ya fito, mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna magnisiyom na rage haɗarin jijjiga fiye da rabi tun kafin ta fara. A wani taro na zauna a layi na uku ina jin mutumin nan yana gaya wa ɗalibai cewa shi tun da can ya san ƙimar magnisiyom. Da bakinsa, da kalmar tasa. Bai kalli inda nake ba. Baban yara ya ce in manta, ai mata sun samu magani. Sun samu. Ban manta ba.

Sau ɗaya ya kira ni bayan ya yi ritaya, a 2015. An buga wani babban gwaji a ƙasashe shida, cikinsu har da Kenya, Zambiya, Indiya da Pakistan, inda aka bazu da allurar sitiroyid har ƙananan asibitoci, sai ga mutuwar jarirai ta ƙaru maimakon ta ragu. Ya ce, "'Yar lissafi, ina tambarin naku?" Ranar ban iya ba shi amsa mai gamsarwa ba, don gwaje-gwajen farko kusan duk a asibitocin ƙasashe masu hali aka yi su. A wuraren da babu na'urar sikanin, ba a san watannin ciki daidai ba, an yi wa mata da yawa allurar alhali cikinsu ya kai lokacinsa. Abin da ban samu na gaya masa ba shi ne, ba idon wani babban likita ne ya gano ɓarnar ba, wani gwajin ne. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake shirya wani a asibitoci 29 na Bangaladash, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan, inda ake tabbatar da watannin ciki kuma akwai kulawar bakwaini. A 2020 sakamako ya fito: mutuwar jarirai kashi 19.6 cikin ɗari da sitiroyid ɗin deksametason, 23.5 ba tare da shi ba. Kafin nan ya rasu.

Na yi gaba da yawa. A 1998 muke, lokacin da na sa magnisiyom cikin jerin kayan da sashe ke buƙata ba tare da sa hannunsa ba, kuma takardar canjin wurin aiki ta same ni kafin maganin ya iso. Yadda Goggo ta karɓi labarin cewa zan kwashe yara mu tafi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.