Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Roƙi Likita Ya Ɓoye Masa

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da aka sallamo mu daga asibiti, kwana shida bayan tiyatar cire ƙari daga ƙwaƙwalwa da aka yi wa ɗana, kansa naɗe da bandeji, maganarsa tana fita a hankali kamar ta mai auna kowace kalma kafin ya sake ta. Waɗanda suka biyo ni tun daga farko za su tuna cewa a farke aka yi masa wani sashe na aikin, ana nuna masa hotuna yana faɗin sunayensu, domin ƙarin yana ɓangaren hagu na gaban ƙwaƙwalwarsa, dab da wurin da ke sarrafa magana. Duk inda aka taɓa da ɗan lantarki harshensa ya sarƙe, sai likita ya san nan ba wurin yanka ba ne. Dalilin da ya sa ke nan aka bar ɗan ragowa ba a cire ba. Abin da aka ciro kuma aka aika da shi ɗakin gwaje-gwaje, aka ce mu dawo mu ji sakamako.

Jiran bai kai mako uku ba, amma ban taɓa ganin kwanaki masu nauyi irinsu ba. An ɗora shi a kan wani magani mai suna deksametason domin rage kumburin ƙwaƙwalwa, maganin kuwa ya yi aikinsa, sai dai ya zo da nasa kayan: ci ba ƙoshi, fuska ta yi suntum, barci ya ƙaurace wa idonsa. Da tsakar dare sai in ji takunsa yana kai da kawo, ni kuma ina kwance idona biyu ina bin takun da kunne, da zarar ya ɗan yi shiru sai gabana ya faɗi, in ce ko farfaɗiya ce ta kayar da shi. An gargaɗe mu cewa ba a daina wannan magani farat ɗaya, sai dai a riƙa rage shi sannu a hankali bisa tsarin da aka rubuta mana, saboda haka na samo littafi na ja masa layuka, ina rubuta kowace ƙwaya da lokacin da ya haɗiye ta. Ku riƙe batun littafin nan, zan dawo kansa.

A cikin waɗannan darare ne na ƙulla wata shawara wadda ko mahaifinsa ban gaya wa ba. Na ce a raina, yaron da bai daɗe da gama karatu ba, wata huɗu kacal da fara aiki, me zai yi da mummunan labari in ban da ya karaya? Na yanke cewa idan sakamakon ya zo da muni, ni zan ɗauke shi a kaina, shi kuma a ce masa an cire komai, sauran magunguna na kandagarki ne kawai. A lokacin ko kusa ban ga aibin wannan tunani ba, har ma ina ganinsa a matsayin sadaukarwa irin ta uwa.

Ranar da aka sa mana ta zo. Da aka tura shi a ɗebi jininsa, sai na ce masa zan jira a waje, yana juya baya na lallaɓa na ƙwanƙwasa ƙofar likita. Bayan mun gaisa na ce, "Likita, don girman Allah, wata alfarma nake roƙo. Idan abin ba mai daɗin ji ba ne, ni za ka gaya wa, shi ka ce masa an cire komai."

Ya ajiye alƙalaminsa, ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Mama, shekarunsa nawa?"

Na ce, "Ashirin da huɗu."

Ya ce, "Wa ya sa hannu a takardar amincewa da tiyata?"

Na yi shiru, domin na ga inda ya dosa. Ya ci gaba da cewa ba zai ɗora wa ɗana abin da bai tambaya ba, kuma zai bi shi a hankali gwargwadon abin da yake son sani, amma ba zai yi masa ƙarya ba. Ya ƙara da abin da ya fi yi mini zafi: ko ni ɗin ma, ba shi da ikon gaya mini komai sai da izinin mai ciwon. Na fito raina a ɓace. Ni da na raini cikinsa, na yi goyonsa, na kwana a kan kujera a gefen gadonsa, yau ni ce zan nemi izini kafin in ji abin da ke cikin kansa? Na daɗe ina jin haushin mutumin nan, kuma ban ɓoye muku ba, sai da aka yi watanni kafin na iya gode masa.

Da aka kira mu, tambayar farko da likitan ya yi ita ce, "Kana so mahaifiyarka ta zauna, ko mu fara magana mu biyu?" Ɗana ya juyo ya dube ni, kuma ɗan shirun da ya yi kafin ya amsa ya fi mini kusan mako ukun da na yi ina jira tsawo. Sai ya ce, "Ta zauna."

Likitan ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce ƙarin ƙwaƙwalwa iri-iri ne, sun haura ɗari: wani daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, wani daga wani sashen jiki yake yaɗowa, na ɗana kuwa ya taso ne daga ƙwayoyin da ke tallafar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ana kiransa astrosaitoma saboda ƙwayoyin suna da kamannin tauraro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa irin waɗannan ƙari mataki huɗu, daga na 1 mai tafiyar hawainiya zuwa na 4 mai saurin girma, nasa kuma yana mataki na 3. A tsarin da hukumar ta sabunta a shekarar 2021, ba a tsayawa ga kamannin ƙarin kaɗai, sai an duba sauye-sauyen da ke cikin ƙwayoyin halittarsa, kuma an sami wani sauyi da ake kira IDH a nasa, wanda yawanci masu shi sun fi jin magani kuma sun fi daɗewa da lafiyarsu a kan waɗanda ba su da shi. Ni dai a duk bayanin nan abin da kunnena ya kama shi ne "ƙwayoyin halitta", nan take na katse shi na ce ko daga gare mu ya gada. Ya ce a'a, sauyin a cikin ƙarin kaɗai yake. Na sake tambaya game da wata faɗuwa da ya yi yana ɗan shekara bakwai har goshinsa ya fashe, abin da na shafe makonni ina tuhumar kaina a kai. Ya ce ba ita ba ce, kuma mafi yawan irin wannan ƙari ba a san musabbabinsa ba.

Sai ga ɗana ya zaro takarda daga aljihu. Ashe duk kai da kawon da nake ji da dare, karatu yake yi yana rubuta tambayoyi. Ya tambayi girman ragowar da aka bari, ya tambayi yaushe zai koma aiki, ya tambayi ko maganarsa za ta dawo daidai. Daga nan ya ninke takardar ya ce, "Likita, ana warkewa?" Likitan ya ce ana iya danne shi tsawon shekaru, amma irinsa yana da halin dawowa, don haka za a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsa da na'urar MRI lokaci-lokaci har abada, da farko duk bayan wata uku. Ya tambaye shi ko yana son jin alƙaluma. Ɗana ya ce, "Ba yau ba." Ni da na shigo da niyyar kare shi, ni ce nake share hawaye da gefen mayafi, shi kuma ya ɗora hannunsa a kan nawa bai ko dube ni ba, ya ci gaba da sauraro.

Tsarin da aka shimfiɗa masa shi ne gashi, wato ƙona ragowar ƙarin da hasken na'ura, zama 33, kwana biyar a kowane mako, bayan ya huta kuma ya fara shan ƙwayar temozolomaid, maganin kashe ƙwayoyin ƙarin, kwana biyar a cikin kowane kwana 28, har zagaye 12. Kafin mu tashi likitan ya ce akwai sauran magana guda. Suka haɗa ido, sai ɗana ya ce, "Umma, ɗan ba mu wuri." Na ɗauki jakata na fita na zauna a baranda, ina kallon ƙofar da aka rufe. Sai daga baya, da bakinsa kuma a lokacin da ya ga dama, ya gaya wa mahaifinsa cewa batun haihuwa ne, domin maganin yana iya taɓa ta, kuma ana iya adana iri kafin a fara. Lallai wannan ba zancen da saurayi zai yi a gaban uwarsa ba ne, kuma da an biye wa roƙona, da an fara maganin bai san da shi ba, balle ya zaɓa wa kansa.

A hanyarmu ta komawa gida babu wanda ya ce uffan, sai da muka kusa isa ya ce, "Umma, na ga lokacin da kika shiga wurinsa." Na ce, "Babana, tausayinka ne ya sa." Ya ce, "Na sani. Amma da ya yarda, ranar da na gano, wa zan ƙara yarda da maganarsa?"

Kada mai karatu ya zaci daga ranar na shiryu. Littafin nan nawa yana nan, kuma a kowace rana sai na tambaye shi ko ya sha magani ya fi sau biyar, in leƙa ɗakinsa idan ya yi shiru, in tsaya a bakin banɗaki idan ya daɗe. Ga shi kuma maganin farfaɗiyar da yake sha safe da yamma, lebetirasitam, an san shi da sa wasu mutane saurin fushi, abin da ban sani ba sai da wata ma'aikaciyar jinya ta faɗa mini. Wata safiya na miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa a gaban abokinsa da ya zo duba shi, na tsaya a kansa sai ya haɗiye. Bayan abokin ya tafi, yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya ce, "Ciwon nan ya ƙwace mini aiki, ya ƙwace mini tuƙi, ke kuma kina so ki ƙwace sauran!" Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Har yau ban san kashi nawa na maganar nan na maganin ba ne, kashi nawa kuma nasa, amma na san babu ƙarya a cikinta.

Da daddare mahaifinsa ya zaunar da mu. Aka yi yarjejeniya cewa magani ya koma hannunsa, da ɗan akwati mai gida bakwai na ranakun mako da ƙararrawa a wayarsa, ni kuma in daina tambaya. A nawa ɓangaren na kafe a kan abubuwan da suka shafi farfaɗiya, shi ma bai musa ba: ba zai riƙa sa sakata idan ya shiga wanka ba, ba zai hau wuri mai tsawo ko ya shiga ruwa shi kaɗai ba, tuƙi kuma sai likita ya ba da izini. Shi da kansa ya tara ƙannensa ya koya musu abin da za su yi idan ta kama shi, cewa su kawar da abin da zai ji masa ciwo, su sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kada su danne shi, kada su cusa masa cokali ko yatsa a baki, su juya shi a gefensa idan jijjigar ta lafa, su kuma duba agogo, in ta wuce minti biyar a nemi taimakon gaggawa. Autarmu tana rubutawa tana kuka, shi kuwa yana tsokanarta wai rubutunta ya fi ciwon muni. A daren na miƙa masa littafin, ya buɗe ya bi layukan da ido har shafi na ƙarshe, sannan ya sa shi a ƙarƙashin matashinsa.

Kwana huɗu bayan haka muka je a auna masa abin rufe fuskar da ake ɗaure kai da shi lokacin gashi, domin kada kan ya motsa ko kaɗan. Wata roba ce mai huda-huda kamar raga, ana ɗumama ta har ta yi laushi, a shimfiɗa a fuskar mutum, ta sandare da siffarsa. Da aka kira sunansa na miƙe tare da shi kamar yadda na saba, har na ɗauki jaka, sai na tuna, na tsaya na ce, "In zo, ko in jira?" Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ki jira, Umma. Amma kada ki yi nisa." Na koma na zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku labarin makonnin gashi, da safiyar da ya tashi ya tarar da sumarsa a kan matashi.