Sunan makaranta da neman gurbin ƙwarewa a Amurka

Likitan da ya gama karatu a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Yamai, ya iso Amurka yana neman gurbin horon ƙwarewa, yakan so ya san ko sunan makarantarsa zai yi masa rana. Suna yana aiki, amma a tsakanin 'yan ƙasar Amurka. Mu da muka yi karatu a wajen Amurka rukuni ɗaya ake sa mu. Shugaban horo a wani asibitin jihar Ohayo ba lallai ya san bambancin ABU da wata sabuwar jami'a ba. Abin da ake dubawa shi ne ko makarantar tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya, kuma hukumar ECFMG, mai tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ta amince da ita.

Ko a tsakanin 'yan ƙasar ma, ba sunan ne kurum ke buɗe ƙofa ba. Ɗalibin Harvard ko Johns Hopkins yana da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin makarantarsa. Tun yana shekarar farko yake bin manyan farfesoshi, ana sa sunansa a takardun bincike, ranar nema kuma wanda kowa ya sani a fannin ne zai rubuta masa wasiƙar shaida, wani lokaci har ya ɗaga waya. Ƙananan fannoni irin su fata, tiyatar ƙashi, tiyatar gyaran jiki da kunne-hanci-maƙogwaro guraben su kaɗan ne, manyansu duk sun san juna. Rahoton hukumar NRMP, mai raba gurabe, yana nuna kason waɗanda suka fito daga makarantu 40 da suka fi samun kuɗin bincike na gwamnati, kuma kason ya fi yawa a waɗannan fannonin.

A da baƙo yana da makami. Jarrabawar USMLE, ta neman lasisin aikin likita a Amurka, a mataki na ɗaya maki ake bayarwa, wanda ya ci da kyau sai a duba takardarsa ko daga ina ya fito. Daga Janairun 2022 aka mayar da ita ci ko faɗuwa kawai. Nauyin ya koma kan mataki na biyu, wanda har yanzu yake da maki, sauran kuma ya koma kan wanda ya san ka. Don haka kada ka shiga mataki na biyu da garaje. Idan ka ci da ƙaramin maki ba a barin ka ka sake don ka ƙara, faɗuwa kuma tana nan a takardarka, kowane asibiti zai gani.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne shekarar kammala karatu. Asibitoci da yawa suna tace takardu da kwamfuta, duk wanda ya wuce shekara 5 da gamawa, wasu ma 3, ba ya ko isa gaban mutum. Kai kuwa shekarar aikin koyo a asibiti da ta hidimar ƙasa sun riga sun cinye biyu. Wanda ya tsaya sai ya tara kuɗi kafin ya fara karatun jarrabawa, yakan tarar lokaci ya tafi.

Mai son fanni mai tsananin gasa, hanyar da aka saba ita ce ya ari sunan da ba shi da shi. Wato ya nemi aikin bincike na shekara ɗaya zuwa uku a sashen da yake so a wata babbar jami'a. Sau da yawa shekarar farko babu albashi, ga hayar gida a Boston ko New York ba ta wasa ba ce. Kafin ka karɓa, tambayi farfesan kai tsaye: baƙi nawa suka yi aiki a nan, ina suka samu gurbi? Idan ya kasa lissafa ko ɗaya, aiki kawai za ka yi masa. Haka nan gurbin tiyata na wucin gadi na shekara ɗaya ba alkawarin ci gaba ba ne, akwai masu maimaita shi su tashi a tutar babu.

Wasiƙar shaida daga gida, ko shugaban asibitin koyarwa ne ya sa hannu, ba ta kai ta likitan Amurka da ya ga aikinka ba. Zaman kallo, inda ba ka taɓa marar lafiya, yana ba da wasiƙa mai rauni. Nemi inda za a bar ka ka ɗauki tarihin ciwo ka gabatar a zagayen safe. Wasiƙa huɗu ce iyakar abin da za ka aika wa kowane asibiti ta ERAS, wato shafin da ake tura takardun neman gurbi.

A watan Satumba ake tura takardu, ganawa ta biyo baya, sakamako ya fito a Maris. A 'yan shekarun nan sama da kashi 90 cikin 100 na ɗaliban likitancin Amurka suna samun gurbi, baƙi marasa takardar ɗan ƙasa kuwa wajen kashi 60, kuma yawancinsu a fannin cututtukan ciki, likitancin iyali ko na yara. Kada a raina wannan. Shekara 3 a cututtukan ciki tana buɗe hanyar ƙwarewa a zuciya ko hanji, kuma a can sunan asibitin da ya horar da kai a Amurka ake kallo. Shi ya sa asibitin jami'a mai nasa sashen zuciya ya fi ƙaramin asibitin gari ga mai wannan buri.

Sai batun biza, wanda ya kamata a duba tun kafin a biya kuɗin nema. Ba kowane asibiti ke ɗaukar mai buƙatarta ba. Bizar J-1 tana wajabta komawa gida shekara 2 bayan horo, sai dai a samu sassauci, misali ta shirin Conrad 30, wato aikin shekara 3 a yankin da ke ƙarancin likitoci. Bizar H-1B ba ta da wannan sharaɗi, amma sai ka ci mataki na uku na USMLE tukuna, shi kuma a cikin Amurka ake rubuta shi.