Abin da na koya game da baftisma, a aji da kuma a bakin rafi

A makarantar Littafi Mai Tsarki da na yi, babu darasin da ya kai na baftisma tayar da gardama. Ajinmu ya haɗa mutane daga ikkilisiyoyi dabam-dabam, kowa kuma ya zo da abin da ya taso ya tarar. Wasu an yi musu tun suna goye, da ɗan ruwa a goshi, kamar yadda Katolika da Angalikan da Lutheran suke yi. Wasunmu sai da muka girma, muka zauna ajin baftisma, muka ba da shaida a gaban dattawa, sannan aka nutsar da mu sau ɗaya ta baya. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuwa a durƙushe suke shiga ruwa, a nutsar da su ta gaba har sau uku, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kowa yana ganin tasa ce ta ainihi.

Malaminmu dattijo ne mai haƙuri. Ya bar mu muka yi ta fafatawa, sai da muryoyi suka fara dishewa ya ce mu buɗe Romawa sura 6. A nan Bulus yake cewa duk wanda aka yi wa baftisma cikin Almasihu, cikin mutuwarsa aka yi masa, an binne shi tare da shi domin ya tashi ya yi sabuwar rayuwa. Sai ya tambaye mu, "'Ya'yana, a cikinku wa ya taɓa ganin mamacin da ya binne kansa?" Ajin ya yi tsit. Ya ce to haka baftisma take: ba wanda yake yi wa kansa. Ko Yesu, da ya zo Kogin Urdun, bai shiga ruwa shi kaɗai ya fito ba. Ya miƙa kansa a hannun Yahaya, duk da Yahaya ya so ya ƙi, yana cewa shi ne ma yake bukatar Yesu ya yi masa.

Wannan magana ita ce ta fi zama mini a rai cikin dukan abin da na karanta a kan batun. Mu da muke yi wa manya baftisma mun saba cewa shaida ce da mai bi yake bayarwa a gaban jama'a, kuma gaskiya ne. Amma idan muka tsaya a nan, sai abin ya koma labarin ƙoƙarin mutum: ni na tuba, ni na yanke shawara, ni na fito. Alhali a cikin ruwan, mutum ba ya yin komai sai sakin jiki. Wani ne yake riƙe shi, wani ne yake furta sunan Allah a kansa, wani ne yake ɗago shi. Alherin Allah karɓa ake yi, kuma yadda ake yin baftismar kanta yana koyar da haka.

Ba wai ruwan yana da wani asiri ba. Bitrus ya faɗa a wasiƙarsa ta fari, sura 3, cewa ba wanke dauɗar jiki ake nufi ba, magana ce ta lamiri mai tsabta a gaban Allah ta wurin tashin Yesu daga matattu. Saminu mai sihiri na Samariya an yi masa baftisma, amma bai daɗe ba Bitrus ya gaya masa zuciyarsa ba daidai take da Allah ba. Ɓarawon da ya tuba a kan gicciye kuma bai ga ruwa ba, aka yi masa alkawarin Firdausi. Duk da haka umarnin Ubangiji ne a Matiyu 28, ba abin da za a ɗauka da wasa ba.

Tarihin ikkilisiya ya sanyaya mini jiki ƙwarai. Akwai wani ɗan rubutu na Kiristocin farko da ake kira Didake, wanda masana suke sa shi a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, aka sake gano shi a birnin Istanbul a 1873. Ya ce a yi baftisma a ruwa mai gudu; in babu, a yi da wani ruwan; in ba a iya da mai sanyi ba, a yi da mai ɗumi; in duk babu isasshe, a zuba a kai sau uku. Mutanen da suka fi mu kusa da zamanin manzanni ke nan, ga sauƙin da suka ɗauki yawan ruwa da shi. Abin da suka matsa a kai shi ne a koyar da mutum tukuna, kuma shi da mai yi masa su yi azumi. Sai ga shi a 1527, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, hukuma ta nutsar da Feliks Manz a Kogin Limmat har ya mutu, laifinsa kawai sake yi wa manya baftisma. Masu kiran sunan Almasihu ne suka yi wa ɗan'uwansu haka. Daga baya, a 1708, mutum takwas suka yi baftisma a Kogin Eda, a ƙauyen Shuwazenau na Jamus, kuma daga zuriyar wannan ƙaramin taro ne 'yan mishan suka iso Garkida, a jihar Adamawa ta yau, a 1923, inda EYN ta samo asali. Har yau ina kan ra'ayin cewa nutsarwa ta fi nuna binnewa da tashi, kuma ita nake yi. Amma ba zan iya kallon wanda aka yi wa yana jariri, yake kuma bin Yesu da gaske, in ce masa bare ba.

Sauran darasin a wurin aikin horo na samu, a wata ƙaramar ikkilisiya ta ƙauye, da rani. Rafi ya janye, sai da matasa suka tare shi da buhunan yashi tun jajibere kafin ruwa ya kai ƙugu. Cikin waɗanda za a yi wa akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa sa kanta cikin ruwa ba. Tana isa tsakiya ta ƙanƙame hannun fasto, jikinta yana rawa. Ya sunkuya ya ce mata, "Mama, toshe hancinki, ki bar mini sauran, ba zan sake ki ba." Ya tallafe bayanta da hannu ɗaya, ya kwantar da ita, ya ɗago. Matan Zumunta suna bakin gaɓa da zannuwa a buɗe, suna waƙa, tana fitowa suka lulluɓe ta, suka yi gefe da ita su sauya mata kaya. A nan na ga abin da Bulus yake nufi a 1 Korantiyawa 12, cewa an yi mana baftisma zuwa cikin jiki ɗaya. Waɗanda suka tare ruwan da waɗanda suka riƙe zane duk suna cikin hidimar.

Abin da yake damuna shi ne yadda muke zuba dukan ƙarfinmu kafin ranar, sannan mu saki hannu bayanta. A Ayyukan Manzanni ba a jan lokaci kafin baftisma: mutum wajen 3,000 ranar Fentikos, ma'ajin nan na sarauniyar Habasha a bakin hanya, mai tsaron kurkukun Filibi da iyalinsa a cikin daren da suka ba da gaskiya. Daga baya ikkilisiya ta tsawaita koyarwar share fage, a wasu wurare har shekara 3, kuma da dalilinta, don tsanani yana sa wasu su juya baya. Ban ƙi ajin baftisma ba, ni ma ina koyar da shi. Sai dai na ga matasa da yawa suna haddace amsoshi don su wuce gaban dattawa, su karɓi katin baftisma saboda aure ko cin Jibin Ubangiji, daga nan ba wanda yake sake tambayarsu yaya suke da Allah.

Shi ya sa a inda nake hidima yanzu na roƙi dattawa kada a sa ranar baftisma sai an haɗa kowane mai shiga ruwa da wani balagaggen mai bi, namiji da namiji, mace da mace. Shi zai tsaya masa a bakin gaɓa, shi kuma zai riƙa ziyartarsa, suna karatu da addu'a tare har shekara ta zagayo. Dattawa sun amince, sai dai samun masu ɗaukar wannan nauyi ya fi tara 'yan aji wuya, kuma a kansa muke aiki yanzu.