Ranar 13 ga Mayu a makarantarmu

Yau tun ƙarfe bakwai na hau kabu-kabu daga Birni, zafi ya riga ya fara. Makarantar da nake koyarwa ta kuɗi ce, kuma akwai 'ya'yan baƙi da yawa: na 'yan kasuwar Nijeriya, na ma'aikata daga Chadi da Benin da Togo, ga namu na Damagaram. Bana shugabar makaranta ta ce a haɗa bikin al'adu da ranar matan Nijar wuri guda. Mu malamai mata muka yi anko, yara kuma kowa ya zo da shigar gidansu.

Da safe farfajiya ta cika. 'Yan matan Barebari sun sha kitso da turare, yaran Buzaye sun naɗa rawani sai ido kawai ake gani, ga Fulani da ƙwaryar fura a ka. Wata uwa 'yar Agadas ta kawo cuku, wata Bazabarma ta kwaɗa zogale da ƙuli, mu kuma kilishi da dambu. Wani tsoho Babarbare, kakan ɗaya daga cikin yaran, ya tsaya gaban rumfar Fulani ya ce sai an ba shi nono kyauta tunda bayinsa ne. Mahaifiyar yarinyar ta ce, "Baba, yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa?" Aka kwashe da dariya. Yaran Togo suka tsorata, sun ɗauka faɗa ne, sai da na zaunar da su na yi musu bayanin wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da cewa UNESCO ta sa wannan barkwanci namu cikin gadon al'adun duniya a 2014.

Bayan azahar aka shiga zancen mata, kuma nan ne zuciyata take. Ni aka ba jawabi. Na tambayi 'yan ajina me ya sa ake bikin wannan rana, da yawa suka ce ranar atamfa ce. Abin ya taɓa ni sosai. Sai na ba su labarin yadda yake. A 1991, lokacin da ake shirin babban taron ƙasa, an kafa kwamitin shirye-shirye aka sa mace ɗaya tal a ciki. Ranar 13 ga Mayu mata suka fito kan titunan Yamai, dubbansu, suka yi tattaki har ofishin firaminista suka ce ba su yarda ba. Dole aka ƙara musu kujeru. Daga baya, a 2000, aka yi dokar kaso da ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da 25 na naɗe-naɗe, a 2019 kuma aka ɗaga zuwa 25 da 30. Babu wanda ya kawo musu wannan a faranti, da ƙafafunsu suka nemo shi cikin rana irin ta yau.

'Yan aji shida sun yi wasan kwaikwayo kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransawa a 1899, shekarar da suka iso nan Damagaram. Yarinyar da ta fito a Sarauniya, a aji da kyar ake jin muryarta. Yau ta riƙe kwari da baka na kwali, hannunta na rawa, amma muryarta har bakin ƙofa. Mahaifinta ya miƙe tsaye yana tafi.

Sai dai akwai kujerar da na yi ta kallo. Wata ɗalibata mai shekara 14, wadda ba ta taɓa sauka daga ukun farko a lissafi ba, ba ta zo ba. Ƙawarta ta raɗa mini cewa an kawo kuɗin gaisuwa gidansu. A ƙasarmu kusan uku cikin kowace yarinya huɗu ana aurar da su kafin shekara 18, kuma yankinmu na cikin inda abin ya fi yawa. Akwai dokar gwamnati ta 2017 ta kare yarinya mai karatu, amma takarda ba ta shiga zaure da kanta. Ban ga laifin aure ba, ni ma matar aure ce mai 'ya'ya. Abin da nake so shi ne a bar ta ta kai ga BEPC, jarabawar kammala ƙaramar sakandare, ta yi bakaloriya ta kammala babbar, in Allah ya yarda ta shiga jami'ar André Salifou da ke nan garin, ko kuɗin mota ba sai an kashe ba.

Da aka watse na sami shugabar makaranta na faɗa mata. Ta ce, "Malama, kada mu je da faɗa, mu je da girmamawa." Mun tsayar da shawara gobe bayan la'asar za mu fara ganin mahaifiyar, sannan mu roƙi limamin unguwarsu ya raka mu wurin uban, don yana jin maganarsa. Zan tafi da takardar sakamakonta ta zangon nan ya gani da idonsa.